Awon Falwaya

Ranar da Manaja ya leƙo ɗakin guga ya ce kamfani zai turo wadda za ta gyara wa kowa zama, ko tari babu wanda ya yi. Ya faɗa ne yana kallon wayarsa, ya ƙara da cewa za ta zo da tef ta auna kowa da teburinsa, sannan ya juya ya fita, don tururin ɗakin ba ya shiri da kwalar rigarsa.

Falwaya ya ajiye dutsen guga a tsaye. A iya saninsa, in babba ya ce zai gyara maka zama, ba kujera yake shirin saya maka ba.

Gidan wankin na otal-otal ne. Zannuwan gado, tawul, rigunan masu kai abinci, duk nan ake kawo su a mota, su fito daga inji da ɗumi, su ƙare a ɗakin guga. Teburan ƙarfe ne, an ɗaure ƙafafunsu da ƙasa, tsayinsu ɗaya, kuma an ce tsohon mai gidan a jikinsa ya gwada ya ba mai walda. Ga masu matsakaicin tsayi babu laifi. Shi Falwaya, da ba a banza aka raɗa masa sunan ba, teburin a cinya yake tsaya masa. Tun da ya kama aikin a sunkuye yake yini, kamar wanda allura ta faɗi masa. Ƙugunsa ya daɗe da fara magana, yanzu har ya fara aika saƙo cikin ƙafar hagu. A wurin aiki bai taɓa faɗa wa kowa ba. A gida kuwa matarsa ta sani, don ita ke shafa masa man zafi tana murza masa kwalba a gadon baya.

Lokacin hutu Turmi ya tara kowa a bayan injin busarwa. Turmi shi ne mafi daɗewa a ɗakin, kuma mafi kusa da ƙasa. Wan matar Falwaya ne, shi ya samo masa aikin, saboda haka Falwaya Yaya yake ce masa, yana faɗa yana kallon tsakiyar kansa.

Turmi ya ce maganar a fili take. Za a auna mutum, a auna tebur. In ba su dace ba, ɗaya zai tafi. To wane ne zai tafi? Tebur dai an ɗaure shi da ƙusa, ba ya neman hutu, ba ya rashin lafiya, matarsa ba ta haihuwa. Duk wanda ya wuce tebur ko ya gaza masa, ya fara tattara kayansa. Haka kuma duk wanda ya buɗe baki ya ce wani wuri na masa ciwo, ya rubuta takardar sallamarsa da harshensa.

Aka juyo aka kalli Falwaya. Wasu kuma suka saci kallon Turmi, amma ba su bari ya gani ba.

"To Yaya, ni yaya zan yi?" in ji Falwaya.

"Ka rage."

Falwaya ya ce bai san inda ake rage tsawo ba. Turmi ya ce Allah ya yi wa mutum gwiwa, kamfani kuma ya ba shi doguwar rigar aiki mai kaiwa idon sawu, sauran kuma hankali ne.

A daren jajibirin awon Falwaya ya yi ta gwaji a gaban madubin matarsa. Ya lanƙwasa gwiwa cikin rigar, ya miƙar da baya, ya yi taku. Matar ta ce ya yi kama da wanda ya hau keken da aka sace daga ƙarƙashinsa. Ta tambaye shi me zai hana ya faɗa wa wadda za a turo gaskiya. Ya ce gaskiya ba ta biyan haya. Ta ce to, shi da bayansa.

Wadda aka turo ta iso da hantsi. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, da tef a wuya kamar tela. Kafin ta gama zagaye ɗakin an sa mata suna Mai Awo. Ta gabatar da kanta, ta ce aikinta shi ne ta duba yadda mutane ke tsayuwa da ɗaga kaya da miƙa hannu, don kada aiki ya cinye musu jiki. Kowa ya gyaɗa kai. Turmi ya yi wa na kusa da shi raɗa cewa ko mahauci ma sai ya shafa wa rago baya.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar inda ke musu ciwo in sun tashi aiki. Babu wanda wani wuri ke wa ciwo. Mai ninke tawul, wadda wuyanta ya daina juyawa tun bara, ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta ce lafiyarta ƙalau. Wani da ke ɗaure da tsumma a wuyan hannu ya ce ado ne. Mai Awo ta ce ba ta taɓa shiga ɗakin guga mai lafiya irin wannan ba. Suka ce sun gode.

Sai awo. Daga ƙasa zuwa gwiwar hannu take aunawa, don a nan ake gane tsayin da tebur ya kamata ya yi. Turmi ya zo da takalmin roba mai dogon wuya, ya cusa kwali a ciki har sawunsa ya kusa fitowa, da ta durƙusa kuma ya ƙara da ɗage. Ta karanta tef, ta rubuta.

Da aka zo kan Falwaya, tsoro ya sa ya wuce inda ya tsaya a gaban madubi. Ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, cinyoyinsa na rawa cikin riga. Mai Awo ta ɗora tef, ta dubi lamba, ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa can sama, ta sake duban lamba.

"Haka kake tsayuwa kullum?"

"Tun haihuwa, ranki ya daɗe."

"Gwiwar hannunka ta yi ƙasa da yawa ga mai tsayinka."

"Ni tsawona duk a wuya yake."

Manaja ya leƙo daga ƙofa ya ce motar otal na jiran kaya, a taimaka a hanzarta. Ta ce da abin da aka ba ta za ta yi aiki, ta rubuta, ta wuce kan na gaba.

Mako ya zagayo ba a kori kowa ba. Turmi ya riƙa yawo a ɗakin yana karɓar godiya. Ya ce da ba don shi ba da yanzu rabinsu na gida suna ƙirga silin.

Sai ga mai walda da injinsa.

Ya zo da umarnin a gyara kowane tebur daidai da mai aiki a kansa. Ya kwance ƙusoshi, ya yanke nan, ya ƙara can, tartsatsi na tashi. Falwaya na tsaye yana kallo aka yanke wa teburinsa ƙafafu da kusan taƙi guda. Da aka mayar da shi, ya dawo masa dab da gwiwa. Mai walda ya dubi teburin, ya dubi Falwaya, ya ce shi dai lamba aka ba shi.

Na Turmi kuwa sama ya yi, har ya kai masa ƙirji. Aka manna wa kowane tebur ɗan ƙarfe mai ɗauke da awon mai shi. Turmi ya karanta nasa ya sake karantawa, ya goge shi da gefen riga.

Washegari aka ga yadda abin yake. Turmi na guga da gwiwoyin hannu a sama, kamar zakaran da ke shirin haye katanga. Falwaya kuma ya ninku biyu. Da rana ta yi tsaka ya lallaɓa wurin surukinsa, ya yi ƙasa da murya, ya ce ga wata shawara: tunda na Yaya ya yi sama nasa kuma ya yi ƙasa, me zai hana su yi musaya ba tare da kowa ya ji ba.

Turmi ya ce wa ya gaya masa nasa ya yi sama. Ya ce mai ilimi ce ta auna shi, da tef na kamfani, kuma abin da ta samu ke nan. Shekara da shekaru ana masa gani-gani da ido, yau gaskiya ta fito a rubuce a ƙarfe, sai wani ya zo ya ce a kwance. Yana maganar yana matsa kafaɗarsa ta dama da hannun hagu.

"Yaya, bayana zai karye."

"Ni na ce ka rage, ban ce ka ƙare ba."

Daga nan abubuwa suka yi ta gangarawa. Falwaya, da a da shi ke fara cika kwandonsa, ya koma na ƙarshe. Ya gwada buɗe ƙafafu kamar raƙumin dawa a bakin ruwa, ya gwada durƙuso, Manaja ya gani ya ce nan ba wurin neman gafara ba ne. Wata rana yana tsakiyar gugar wani farin mayafin tebur na ɗakin taro sai ƙugun ya cije. Hannu ya ƙi ɗagawa. Yana ji yana gani dutsen ya zauna a kan yadin har ya bar hotonsa, launin ƙasa, da hancinsa da komai.

Manaja ya kira shi ofis, bai ce ya zauna ba, wanda hakan ya yi wa Falwaya daɗi don da ya zauna ba lallai ya tashi ba. Ya ce a da in mutum ya yi jinkiri yana iya cewa tebur ne. Yanzu kamfani ya yi wa kowa tebur daidai jikinsa, uzuri ya ƙare. In aka sake ƙona ko hankici ne, ko motar otal ta sake jiransa, ya ajiye rigar aiki a ƙofa.

A gida matarsa ta saurara tana murza kwalba. Ya ce in ya faɗi gaskiya za a ce ya yaudari kamfani, kuma asirin Yaya zai tonu. In ya yi shiru kuma hankicin nan na nan tafe. Ta ce Yaya tun suna yara yake hawa bulo in za a ɗauki hoto, kuma babu wanda ya taɓa mutuwa don an gane. Ta ce ita dogon mutum ta aura, ba za ta zauna tana kallo a mayar mata da shi lauje ba. Ya ce ta dai ƙara dannawa ta hagu.

Mai Awo ta dawo duba yadda sababbin teburan suka karɓi mutane. Tun da safe Turmi ya bi kowa ya tuna masa amsar da aka saba. Aka ji takunta a baranda ita da Manaja. Falwaya ya sunkuya zai ɗauko zanin gado daga kwandon da ke ƙasa, don a same shi yana aiki. Wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya nemi miƙewa, baya ya ce ba da shi ba.

Haka suka shigo suka same shi, kai a ƙasa, hannu ɗaya a kwando, a tsakiyar hanya.

Turmi ya yi wuf ya ce gaisuwa yake yi, yaron akwai ladabi. Mai Awo ta amsa gaisuwar. Ta tambayi iyali, Falwaya ya ce suna lafiya. Ta tambayi aiki, ya ce da godiya. Gaisuwa ta ƙare, mai gaisuwa bai ɗago ba.

Daga inda yake takalma kawai yake gani. Baƙin takalmin Manaja mai sheƙi, wanda ya fara buga ƙasa. Na robar Turmi. Da nata, mara tudu, wanda ya tsaya cak bai nuna alamar tafiya ba. Ya lissafa a ransa: in ya yi shiru, Manaja ya riga ya ga mutumin da ba zai iya miƙewa ba. In ya yi magana, aƙalla a kore shi a kan abin da ya aikata. Sai ya yi wa takalmin nata magana.

"Ranki ya daɗe, na fi yadda kika rubuta. Gwiwa na lanƙwasa miki. Kuma bayan nan ya daɗe yana ciwo, tun kafin ki zo."

Ta ce kada kowa ya ja shi ya miƙar da shi da ƙarfi. Ta sa aka shimfiɗa tawul a kan dogon teburin ninki, mutum huɗu suka ɗauke shi yadda yake suka kwantar a gefe, aka sa masa matashi tsakanin gwiwoyi. Ta tambaye shi ko yana jin yatsun ƙafarsa, ya motsa su. A hankali bayan ya saki, ya miƙe a kwance, ƙafafunsa suka wuce ƙarshen teburin. Ta zaro tef ta auna shi daga diddige. Falwaya ya rufe ido. Bai taɓa jin an auna mutum a kwance don alheri ba.

Manaja ya ce to magana ta ƙare. Mutum ya yaudari jami'ar kamfani, ya sa an yanke ƙarfe a banza, ya ƙona kayan otal. In ya iya tashi ya ajiye riga.

Mai Awo ba ta kalle shi ba. Ta tambayi Falwaya me ya sa ya yi haka. Ya ce an ce musu za ta zo ta gyara musu zama, shi kuma yana da iyali. Ta tambaya wa ya faɗa musu haka. Idanu suka tafi kan Manaja. Manaja ya ce shi abin da aka turo masa ya fassara, kuma ai gaskiya ne, zama da tsayuwa ta zo gyarawa. Ta ce haka ne.

Sannan ta juya ga ɗakin ta ce kowa ya cire takalmi ya jingina da bango, diddige a ƙasa.

Aka yi ta fitowa da abubuwa. Wani ya ragu, wata ta ƙaru. Mai ninke tawul ta ce tunda abin ya zama haka, ita wuyanta. Mai tsumma ya kwance adonsa, wuyan hannun a kumbure. Turmi ya ce shi likita ya hana shi taka siminti ba takalmi. Aka jira shi. Da ya zare ƙafa, kwalin ya biyo ta, da sunan kamfanin sabulu a jiki. Ya tsaya a bango, ya koma yadda aka san shi. Babu wanda ya yi dariya, sai dai mutane da yawa sun shiga duba farcensu.

Ta ce wa Manaja shawara tasa ce, ita ba ta ɗauka ba ta kora. Amma za ta rubuta abin da ta gani: ɗaki guda na mutane masu ciwo sun ɓoye mata don tsoro, kuma na farkon da ya buɗe baki an sallame shi a gabanta. In ya ga kora ta dace, ya fara daga bango ya bi layi, ya kuma nemi wanda zai goge kayan gobe. Manaja ya dubi layin. Ya dubi tulin zannuwan da ke jira. Ya ce shi dama gargaɗi yake nufi.

Ta ce mafi sauƙi a ba Falwaya teburin Turmi. Turmi ya ce sai dai a ba shi da gawarsa a kai. Ta dube shi ta saman tabarau, ta tambaye shi kafaɗar dama ko ta hagu. Ya ce dama, kafin ya tuna. Ta ce to ya riƙe teburinsa, kafinta zai yi masa dandamali mai faɗi ya riƙa tsayawa a kai. Turmi ya tambaya ko za a taɓa ɗan ƙarfen da ke manne. Ta ce ba ruwanta da shi. Ya ce in haka ne zai duba.

Falwaya aka tura shi asibiti, aka ba shi kwanakin hutu da wasu motsa jiki da matarsa ta ɗauki nauyin tabbatar da ya yi, tana tsaye a kansa. Likita ya ce bayan zai lafa amma ba zai manta ba, ya daina ɗaukar abu daga ƙasa da ƙugu.

Da ya koma, an sauya ɗakin. An ɗora kwanduna a kan benci, an shimfiɗa roba mai taushi a wurin tsayuwa, an ce kowa ya riƙa barin guga lokaci-lokaci ya koma ninki. Turmi na can bisa dandamalinsa yana ba da umarnin da ba a tambaye shi ba. Mai walda ya sake ƙara wa teburin Falwaya ƙafafu, ɗinki biyu a kowace, kamar wandon yaro mai saurin girma. Rigar aikinsa na rataye inda ya bar ta.

Mai Awo da Manaja suka tsaya su ga gwaji. Falwaya ya ɗauki dutse, ya shimfiɗa zani, ya miƙe sosai a bakin aikinsa, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin nan. Teburin ya zo masa daidai. Kafaɗunsa suka sauka. Ya ja dutsen sau ɗaya, ya ji babu abin da ya cije shi.

Sai hularsa ta tashi ta faɗa can cikin kwandon tawul.

Duka suka ɗaga kai. Fankar silin na juyawa a hankali, ɗan yatsa kaɗan tsakaninta da gashin kansa. Mai Awo ta kai hannu wuya ta zaro tef.

"Kada ki ce a ɗaga rufin," in ji Manaja.

Ta ce fankar za a matsar, yau. Falwaya ya tambaya ko kafin nan ya ɗan rage. Ta ce ya je ya yi ninki.